Kuɗin Kira, Data da Lasisin Rediyo: Amsoshin Tambayoyinku Kan Harkar Sadarwa a Najeriya

Tun da aka ƙara kuɗin kira da na data a farkon 2025, tambayoyi iri ɗaya ake ta maimaita mana, a majalisa, a shagon cajin waya, har a wurin ɗaurin aure. Mun tattaro waɗanda suka fi yawa, muka haɗa da wasu kan rediyo da talabijin, tun da duk tafiyar ɗaya ce.

Wace hukuma ce ke kula da waya, wace ce ke kula da rediyo da talabijin?

Hukumomi biyu ne, kuma mutane kan rikita su saboda sunayensu sun yi kama. NCC ita ce mai kula da kamfanonin waya da intanet: ita ke ba su lasisi, ita ke amincewa da farashi, ita ke cin su tara. NBC kuwa ita ke kula da gidajen rediyo da talabijin. Dukkansu a 1992 aka kafa su, zamanin mulkin Janar Babangida, amma NCC ba ta yi haƙora sosai ba sai da aka yi Dokar Sadarwa ta 2003, wadda har yanzu ita ake aiki da ita. Idan katinka ne ya salwanta, NCC za ka nema. Idan wani shiri ne aka ci mutuncinka a cikinsa, NBC.

Ya aka yi waya ta shiga hannun kowa? Iyayenmu sun ce da ba haka ba ne.

Gaskiyarsu. Kafin 2001 kamfanin gwamnati, NITEL, kusan shi kaɗai ne a fage, kuma layukan da ke aiki a duk faɗin ƙasar ba su wuce 400,000 da 'yan kai ba, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 100. Mai son kiran ɗan'uwansa a Legas sai ya je ofishin NITEL ya bi layi, ko ya roƙi wani alhaji mai tarho a falo.

A watan Janairun 2001, ƙarƙashin gwamnatin Obasanjo, NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula. Injiniya Ernest Ndukwe ne shugaban hukumar a lokacin. Kowane lasisi ya tashi a kan dala miliyan 285. Econet da MTN suka fara aiki a watan Agustan shekarar. A farkon nan layi kaɗai, ban da wayar, sai da ya kai naira 20,000 ko fiye, minti ɗaya kuma naira 50, ko da "salamu alaikum" kawai ka ce ka kashe. Shi ya sa sana'ar lema da teburi ta kafu a bakin titi: yarinya ko saurayi zaune da waya ɗaya da agogo, kana magana yana kallon daƙiƙa, kai kuma kana sauri ka kashe kafin ta cika 59. Daga nan ne kuma muka koyi filashin.

Kamfanonin farko sun yi ta cewa lissafi da daƙiƙa ba zai yiwu nan kusa ba. Da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, ba a daɗe ba kowa ya bi sahu. Wannan shi ne darasi mafi girma a tarihin harkar: abin da roƙo bai sauke ba, kishiya ta sauke shi. Econet ya yi ta sauya suna, Vmobile, Celtel, Zain, har ya zama Airtel a 2010. Etisalat ya zo a 2008, bashin bankuna ya kayar da shi a 2017 ya koma 9mobile. NITEL kuwa, bayan an sha yunƙurin sayar da shi ana fasawa, daga ƙarshe an sayar da kadarorinsa, abin da ya rage ya fito da sunan ntel.

Ai iska ce. Me gwamnati ke sayarwa har da miliyoyin daloli?

Iska ce, amma mai iyaka. Muryarka tana tafiya ne daga waya zuwa ƙarfen sabis a kan wani zango na mita, kamar yadda kowane gidan rediyo ke da lambarsa a akwati. Idan kamfani biyu suka hau zango ɗaya a wuri ɗaya, sai hayaniya. Don haka gwamnati ke yanka zangon kamar filaye, tana ba da haya na wasu shekaru. A gwanjon 5G na Disambar 2021, MTN da Mafab kowanne ya biya dala miliyan 273.6. Airtel ya sayi nasa daga baya.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, duk dalar da gwamnati ta karɓa a gwanjo, daga aljihun mai saka kati za ta fito a ƙarshe. Gwamnati na murnar ta samu kuɗin shiga, kamfani kuma na zaune yana lissafin shekara nawa zai ɗauka kafin ya mayar da uwar kuɗinsa.

To me ya sa aka ƙara kuɗin kira da data a 2025?

Ranar 20 ga Janairun 2025 NCC, ƙarƙashin Dakta Aminu Maida, ta amince kamfanoni su ƙara farashi da abin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba. Su kashi 100 suka nema. Saƙon tes da ke naira 4 ya koma naira 6. Hukumar ta kafa hujja da cewa rabon da a taɓa farashin tun 2013.

Dalilan kamfanonin ba ƙarya ba ne, ko da ba su yi mana daɗi ba. Kusan duk kayan aikinsu daga waje ake sayowa da dala. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Cikin 2024 ta haura 1,500. Ƙarafan sabis ɗin da kuke gani ma yawancinsu ba mallakar kamfanonin waya ba ne yanzu. Sun sayar wa kamfanonin kula da ƙarafa irin su IHS, suna biyan haya, kuma wani kaso na hayar yana bin farashin dala. Sannan ga wuta. A ƙasar da lantarki ke tsayawa, ƙarfen sabis da wutar gwamnati yake aiki. A nan kusan kowane ƙarfe da janaretonsa a gindi yana shan man dizal dare da rana, ga mai gadi, ga ɓarayin batir. MTN, wanda ya fi kowa yawan masu layi, ya bayyana asarar kusan naira biliyan 400 a 2024, mafi yawanta daga faɗuwar naira.

Inda muke da ja shi ne nan. An ce mana a ƙara kuɗi aiki zai gyaru. Ƙarin ya zo cikin 'yan makonni, har wasu tsare-tsaren data sun tashi fiye da rabin da aka ambata, saboda an soke garaɓasar da ke kansu. Gyaran aiki kuwa yana tafiyar hawainiya. Mai sayar da kayan miya da ke karɓar kuɗi ta waya bai damu da lissafin dala ba. Abin da ya sani shi ne ya biya ƙari, kuma har yanzu mai saye na tsaye a gabansa ana jiran alat. Hukumar da ta iya tsayawa ta kare kamfani daga durƙushewa, wajibi ne ta iya tsayawa ta matsa masa ya yi aikin da aka biya shi.

Akwai haraji a cikin katin da nake saya?

Akwai. Harajin VAT na kashi 7.5 yana ciki tun 2020. An kuma so a ɗora wani harajin kashi 5 a kan kira da data, aka yi ta kai ruwa rana, Shugaba Tinubu ya dakatar da shi a 2023. Ban da waɗannan, kamfanonin sun daɗe suna kukan cewa tarayya, jiha da ƙaramar hukuma kowa na zuwa da rasit ɗinsa a kan ƙarfe ɗaya.

Da gaske ne kamfanoni na satar data?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace zuwa. NCC ta sa an binciki na'urorin lissafin kamfanonin a 2024, ta ce ba a gano wata babbar matsala ba. Ko ka yarda ko kada ka yarda, akwai abin da za ka iya gani da idonka. Wayar da ke kan 4G tana jawo bidiyo mai kauri fiye da wadda ke kan 3G, ko da minti ɗaya kuka kalla. Facebook da TikTok suna kunna bidiyo da kansu. WhatsApp na sauke duk hoton da aka jefa a zauren 'yan makarantarku. Waya na sabunta manhajoji cikin dare kana barci. Shiga saitin wayarka, wurin da ke nuna yawan datar da kowace manhaja ta sha; sau da yawa ɓarawon yana cikin gida.

Amma kamfanonin ma ba wankakku ba ne. Na taɓa lura kullum naira 50 na ɓacewa daga layin mahaifiyata, tsohuwar da ko tes ba ta iya buɗewa. Da na bincika sai na tarar an saka ta cikin wani tsarin labaran ƙwallo. Ta ce ita dai ta ji waya ta yi ƙara ta danna. Kuma yawan tsare-tsare masu ruɗarwa, wannan na dare, wancan na YouTube kawai, wancan garaɓasa ce mai ƙarewa cikin kwana biyu, shi kansa hanya ce ta cin kuɗin wanda bai iya karatu ba. NCC ta gane haka, shi ya sa a 2024 ta umarci kowane kamfani ya rage tsare-tsarensa, ya kuma bayyana farashi a fili.

Me ya sa a birni sabis ke cika, a ƙauyenmu sai an hau tudu?

Lissafi ne. Kuɗin kafa ƙarfe a Sabon Gari da na kafa shi a ƙauye kusan ɗaya ne, na ƙauyen ma ya fi tsada saboda kai mai da tsaro. Amma na Sabon Gari mutum dubbai ne za su hau shi suna sayen data, na ƙauye kuwa 'yan ɗaruruwa ne masu saka katin naira 100. Ɗan kasuwa ya san inda zai kai jarinsa. Don cike wannan giɓin ne Dokar 2003 ta kafa asusun USPF, wanda ake tara masa kuɗi daga abin da kamfanoni ke biyan hukuma, domin a tallafa a kai sabis inda riba ba za ta kai shi ba. Asusun ya yi wasu ayyuka, sai dai duk wanda ya san ƙauyen da ake rataye waya a reshen bishiya don saƙo ya shigo ya san da sauran aiki.

Arewa na da ƙarin matsala. Intanet ɗinmu ta ƙarƙashin teku take zuwa, kuma manyan igiyoyin, irin su MainOne da Glo-1 da suka iso a 2010, a gaɓar Legas suke sauka. Kafin ta iso Kano ko Maiduguri sai an binne waya mai nisan kilomita sama da dubu, kuma kowace jiha aka ratsa sai an biya kuɗin izinin haƙa. An yi matsaya a kan naira 145 kowace mita, amma jihohi da dama sun yi shekaru suna karɓar dubbai. Kaduna ta yafe nata gaba ɗaya a 2020, wasu jihohin suka biyo baya. Gwamnan da ya tsawwala wannan kuɗin yana samun na cefane yau, yana kuma korar intanet daga jiharsa na shekara goma.

Bayan an binne kuma sai katafila mai aikin titi ta zo ta tsinke. Yawancin ɗaukewar sabis na rana guda daga nan yake. Wani lokacin kuma daga teku ne, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da igiyoyi huɗu suka lalace a gaɓar Kodebuwa, bankuna suka tsaya cak a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma.

Mene ne amfanin haɗa layi da NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa? An wahalar da mu ƙwarai.

An wahalar, babu musu. Umarnin ya fito ne a Disambar 2020, lokacin Isa Ali Pantami na ministan sadarwa, ana tsakiyar korona, mutane suka yi dafifi a ofisoshin NIMC, hukumar da ke ba da lambar, tun asuba. An ɗaga wa'adi ya fi a ƙirga. A Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba kira, wa'adin ƙarshe kuma ya cika ranar 14 ga Satumbar 2024. Bayan tankaɗe da rairaya, adadin layukan da hukuma ke lissafawa ya faɗo daga kusan miliyan 219 zuwa wajen miliyan 154.

Maganar rajistar layi ta girmi NIN. A Oktoban 2015 NCC ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda bai rufe layuka sama da miliyan 5 marasa cikakkiyar rajista ba, naira 200,000 kan kowane layi. Bayan doguwar tattaunawa aka daidaita a kan naira biliyan 330, da sharaɗin kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Najeriya, ya kuma shiga a 2019.

Hujjar duk wannan ita ce tsaro. Tambayar da mutanen Zamfara da Katsina ke yi, kuma suna da gaskiyar yin ta, ita ce: tun da kowane layi na da suna da hoto, ya aka yi har yanzu masu garkuwa ke kira suna cinikin kuɗin fansa? Rajista tana ba da bayani ne kawai. Bibiya da kamawa aikin jami'an tsaro ne, ba na NCC ba. Shawara ɗaya: kada ka yi wa kowa rajistar layi da lambarka, ko ɗan ɗakinku ne. Duk abin da aka aikata da layin, ƙofarka za a ƙwanƙwasa.

Gwamnati na da ikon kashe sabis ɗin jiha sukutum?

Dokar 2003 ta ba hukuma damar ɗaukar irin wannan mataki idan akwai dokar ta-ɓaci ko barazana ga tsaron jama'a. An yi a Borno, Yobe da Adamawa a 2013. An sake yi a Zamfara a farkon Satumbar 2021, sannan wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna. Wanda ya zauna a Gusau a lokacin zai ba ka labarin yadda mutane ke shiga mota zuwa Funtuwa don kawai su yi kira ko su tura kuɗi, da yadda aka koma rubuta wasiƙa ana ba direba. Masu POS suka rufe. Ƙauyen da aka kai wa hari ba shi da hanyar neman agaji. A bakin iyaka kuma sabis ɗin Nijar na shigowa, wanda ke da layin can bai rasa komai ba, kuma ba talakawa kaɗai ke da shi ba.

Rufe Twitter daban ne. Gwamnatin Buhari ta rufe shi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban ƙasa. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a Yulin 2022 cewa matakin ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki.

Idan na tura kuɗi da lambar banki, me ya sa ake cire min kati?

Layin kamfanin waya ka bi ka isa bankinka, kuma kuɗin hanyar naira 6.98 ne. Da banki ne ke cira daga asusunka da niyyar ya miƙa wa kamfanin waya. Bankuna suka riƙe, bashi ya taru ya haura naira biliyan 200, aka yi shekaru ana rigima. A 2025 aka koma cirewa kai tsaye daga katin waya. Idan ka ga an cire a kati kuma an cire a asusu kan aiki ɗaya, wannan abin kai ƙara ne.

NBC na iya cin gidan rediyo tara ko ta rufe shi?

Nan akwai taƙaddama. Har 1992 gwamnati ce kaɗai ke da rediyo da talabijin. Dokar da ta kafa NBC ita ta buɗe ƙofa, RayPower ya fara a Legas, a Kano kuma Freedom Radio ya zo a 2003 ya sauya yadda ake siyasa a rediyo. Sai dai lasisin ba hukumar ce ke da maganar ƙarshe a kansa ba, sai shugaban ƙasa ya sa hannu. Shugabannin hukumar ma shi ke naɗa su. Kun ga ke nan mai riƙe da wuƙa shi ke riƙe da nama.

A 2020 aka ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5. A Agustan 2022 aka ci Trust TV miliyan 5 saboda wani shiri kan 'yan bindiga, a watan kuma hukumar ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 kan bashin kuɗin sabuntawa, kafin ta janye. A Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce NBC ba kotu ba ce, ba ta da hurumin zama mai ƙara, mai shari'a, kuma mai karɓar tara.

Mu a ganinmu kotun ta yi daidai, amma kada a ɗauka gidajen rediyonmu ba su da laifi. Duk mai sauraron shirye-shiryen siyasa na dare ya san yadda sojojin baka ke sayen fili su zagi uban wani, da yadda masu maganin gargajiya ke tallan maganin da ke warkar da ciwon suga da hawan jini da basir a kwalba ɗaya. Dalili kuwa tattalin arziki ne: talla ta yi ƙaranci, dizal ya yi tsada, wanda ya zo da kuɗi shi ke samun makirufo. Ana buƙatar mai tsawatarwa, sai dai ba wanda zai tsawatar wa masu sukar gwamnati kaɗai ba.

Me ya sa a Nijar aka daɗe ana jin BBC a FM kai tsaye, mu kuwa sai gajeren zango?

Tun 2004 NBC ta hana tashoshin cikin gida jona labaran kafofin waje kai tsaye. Shi ya sa dattawa ke ta murɗa akwati suna neman mita. A Nijar an daɗe ana jona su a FM, amma hakan na nufin gwamnati na iya kashewa duk ran da ta ga dama: sojojin da suka karɓi mulki sun dakatar da rediyon Faransa, RFI, a Agustan 2023, suka dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024. Yanzu dai waya ta rage wa wannan dokar ƙarfi, tun da matasa a Facebook da YouTube suke kallo.

Ina aka kwana kan komawa talabijin na dijital?

Wa'adin da aka ɗiba wa ƙasashen Afirka da Turai 17 ga Yunin 2015 ne, Najeriya ba ta cika ba. An ƙaddamar a Jos a 2016, Abuja a ƙarshen shekarar, Legas da Kano a 2021. Amfaninsa biyu ne: tashoshi da yawa a zango ɗaya, sannan zangon da aka bari a sayar wa kamfanonin waya, kuma irinsa ne ke tafiya nesa ya ratsa bango, wanda ƙauye ke buƙata. Kuɗin dikoda da rikicin 'yan kwangila suka riƙe aikin, jama'a kuma suka gaji da jira suka sayi dish.

An cuce ni. Ina zan kai kuka?

Fara da kamfaninka, kira 300, lambar ɗaya ce a kowane layi yanzu. Ka tabbata an ba ka lambar ƙorafi, ka rubuta ta. Idan ba su warware ba, kira 622, layin NCC ne kuma kyauta ne. Lambar ƙorafin nan za su fara tambayarka. Don tsayar da saƙonnin talla, tura STOP zuwa 2442. Don duba kati *310#, don duba data *323#. Idan kuma kamfanin ya ishe ka, tun 2013 kana da damar komawa wani ba tare da ka sauya lambarka ba. Je ofishin wanda kake son komawa da katin shaidarka da wayar a hannu, kuma ka ƙarar da katin da ke kan tsohon layin tukuna, don ba ya bin ka.